Sunan da Ya Raba Gandun Baba

Da sunan Allah nake ɗaukar biron nan, ina roƙonsa ya tsare hannuna daga ƙari da ragi.

Ranar sunan jikana, ɗan Habibu, da mata suka fara kiran jaririn Magaji na ce a'a, a nemo masa wani laƙabin, na ga yadda kuka kalli juna. Kun ɗauka rigimar tsufa ce. Ban yi muku bayani ba a ranar, don gida cike yake da baƙi, kuma maganar ba ta tsaye ba ce. Tun daga nan ban sami sukuni ba. In na zauna a zaure sai in tashi in zaga bayan gida, in na je bayan gida in rasa abin da ya kai ni. Shi ya sa na sa aka sayo min littafin nan, na ce bari in rubuta da ɗan bokon da na tsinta a ajin yaƙi da jahilci. Akwai kuma maganar da kuka taso kuna ji a bakin mutanen unguwa, wai baffanku Sale gudu ya yi ya bar ubansa cikin yunwa. Na daɗe ina jin ana faɗa ina yin shiru. Ba haka aka yi ba, kuma ni kaɗai na rage wanda ya san yadda aka yi.

Kun dai san ƙauyenmu na gefen Zakirai ba shi da daji. Tun ina yaro haka yake. Gona manne da gona, tushen gamba ko shingen lalle ne kawai ke raba ta wannan da ta wancan, kuma kowace kuka da kowace ɗorawa da mai ita. In mutum ya matsar da iyaka taku ɗaya sai an je gaban mai unguwa. Mutanen da ƙasa ta yi wa kaɗan haka, ba mamaki ta shiga har cikin sunayen 'ya'yansu. Sunan yanka daban, wanda liman ke raɗawa, amma wanda ke bin mutum har kabari shi ne wanda tsofaffin gida suka laƙa masa. Wanda naƙuda ta kama uwarsa a gona Nagona ne, in mace ce Tagona. Wanda ya zo daidai lokacin da ubansa ya ci gado, Maigado. Wanda ake fatan ya riƙe gida bayan manya, Magaji. Ni kaina Haruna aka yanka min, amma ban da liman ba wanda ya san Haruna. Nomau ake ce min, don ana tsakiyar noma aka haife ni. Sunan kuwa bai bi ni ba ko kaɗan, don a duk samarin unguwarmu ba wanda ya kai ni ƙin fartanya.

Mahaifinmu Malam Idi gonaki uku gare shi, ta bayan gida, ta gindin ɗorawa, da ta jigawa can nesa. Gandu ne, tare ake nomawa, rumbu ɗaya, tukunya ɗaya, sai 'yar gayauna, gonar ƙashin kai, da ya yanka wa kowannenmu. Maza biyu ne muka rayu a ɗakin Inna, ni da Yaya Sale, matan duk sun yi aure. Yaya Sale ya girme ni nesa ba kusa ba, kuma a lokacin da nake ba ku labari Baba ya riga ya tsufa, gandun da sunansa yake amma a wuyan Yaya Sale yake rataye. Shi ke kai taki da jaki tun cikin rani, mangala bayan mangala. Shi ya san wace kusurwa ke son gero, wacce ke son dawa. Ba shi da yawan magana. In ya dawo daga gona sai ya wanke ƙafa ya zauna yana tufkar igiya. Matarsa Rakiya ta haifa masa 'ya'ya uku, duk mata, babbarsu Tagona.

Shi ɗan fari ne, kun kuwa san yadda iyayen dā suke da ɗan fari. Ban taɓa jin Baba ya ambaci sunansa ba. In yana son a kira shi sai ya ce, a ce wa wancan ya zo. Ba ya kallonsa ido cikin ido, ba ya yaba aikinsa, ko dami nawa ya shigo da shi. Ni kuwa kwano ɗaya nake ci da Baba, in tsokane shi ya yi dariya, in ƙi zuwa gona ya yi faɗan da bai kai zuci ba. Kowa ya ɗauki wannan a matsayin kunya, haka aka saba, ba wanda ya taɓa tambayar Yaya Sale yadda abin yake a nasa ran.

Sai shekarun fari suka zo. Damina biyu a jere ruwa ya ɗauke gero na cikin ciki. Gyaɗa, wadda da ita muke ɗinka riga mu yi hidima, wata cuta ta kama ta ganyen ya nannaɗe, ka tuge ka ga ba komai a ƙasa. Rijiya ta yi nisa sai da aka ƙara wa guga igiya. Kullum mutanen arewa na wucewa ta bakin hanya da ragowar dabbobinsu, ƙashi da fata. A gidanmu tuwo ya koma sau ɗaya a yini, da rana sai kwaɗon tafasa ko rama, wani lokaci har da dusa a ciki. Inna ce ke ɗebo hatsi da kanta, ba ta barin surukanta su leƙa rumbu, don kada su ga inda ya tsaya.

Ni a lokacin jikina duk a tashe yake. Ba na iya zama wuri ɗaya. Abokina Ɗanjuma ya dawo daga Badun, can Kurmi, da agogo a hannu da rediyo a kafaɗa, yana ba mu labarin garin da ruwa ke sauka har a gaji da shi, garin da ko dako mutum ya yi a kasuwa zai ci ya ƙoshi. Ranar kasuwar Zakirai nakan je in tsaya wajen manyan motoci ba abin da nake saye, ina kallon masu hawa kawai. Mahaifiyarku Dije tana da tsohon ciki, na fari. Na ƙulla da Ɗanjuma cewa da zarar ta haihu an yi suna, kasuwa ta biyu zan bi shi. Har ya yi wa direba maganata. Dije kaɗai na gaya wa. Ban yi tunanin cewa yarinya mai cikin fari da miji ke shirin bari a cikin yunwa dole ta sami wanda za ta yi wa kuka ba. Wajen Inna ta kai kukan. Inna kuma ba ta ɓoye wa Baba komai.

Dije ta haihu ana gab da faɗuwar damina, namiji. Ba mu da ragon suna, ni ko kaza ba ni da ita. Kwana biyu kafin suna Yaya Sale ya kwanto bunsurunsa, wanda ya yi ta kiwo da harawar gayaunarsa, ya ɗaure a ƙofar ɗakina ya wuce.

Da safe bayan an idar da salla maza suka taru a ƙofar gida, aka raba ɗan goron da ya samu, liman ya yi addu'a ya faɗi suna: Idrisu. Sunan Baba na mayar. Kowa ya yi murna, amma an san ba wanda zai iya kiran sunan maigida a cikin gidansa, dole a nemi laƙabi. Da wanzami ya gama aski aka miƙa wa Baba jaririn a tsakar gida, mata na ta kawo nasu.

"A ce masa Babangida," in ji wata gwaggonmu.

"Abba ya fi sauƙi," in ji Rakiya, tana dariya.

Baba ya daɗe yana duban yaron. Sannan ya ɗaga murya yadda na zaure ma za su ji.

"Wannan Maigandu ne."

Wata tsohuwa ta rangaɗa guɗa, sauran suka kama. Ni dai abin da na gani shi ne Yaya Sale. Yana tsugune a gindin rumbu yana fiɗar bunsurun, hannunsa duk jini. Wuƙar ta tsaya. Bai ɗago kai ba. Can ya ci gaba da aikinsa a hankali kamar mai tsoron kada ya huda fatar. Rakiya kuwa ta ja hannun Tagona suka shige ɗaki.

Kafin la'asar magana ta zaga unguwa. A bakin masallaci ana cewa Malam Idi ya yi wasiyya ta bakin jariri. Liman ya ce su bar wannan zance, suna ba ya raba gado, Allah ya riga ya raba. Kowa ya san gaskiya ya faɗa. Amma kowa kuma ya ji abin da sunan ke cewa: wanda ya shekara ashirin yana zuba gumi a gandun nan ba shi da ɗa namiji, 'ya'yansa za su yi aure su tafi, ƙasar kuma tsatson ƙaninsa za ta koma, ƙanin da sai an tashe shi da safe.

Washegari Baba ya ce in raka shi gonar bayan gida. Yana dogara sanda, muna tafe a hankali, sai ya tsaya.

"Nomau, an ce min ƙafarka na ƙaiƙayi."

Na sunkuyar da kai, ya ci gaba.

"To, ga hanya nan. Amma ka sani duk wanda ya kira yaron nan da sunan da na sa masa, sai ya tambaya ina uban Maigandu. A ce masa yana Kurmi yana ɗaukar kayan mutane a ka. In za ka iya jure wannan, tafi."

"Baba, don ka ɗaure ni ka sa masa sunan?"

"To da me zan ɗaure ka? Ka fi ƙarfin igiya."

"Yaya fa? Mutane na ta magana."

Ya ɗaga hannu kamar mai korar ƙuda.

"Wancan? Wancan ba inda za shi."

Zan gaya muku gaskiyar abin da na ji, ko da ba daɗi. Na ji haushi an yi min tarko. Amma a ƙarƙashin haushin akwai wani daɗi, ni ne uban Maigandu, ni malalacin gida, ni ake tsoron a rasa. Kwanakin nan na yi su kamar mai zazzaɓi. Da safe in ce zan tafi, da rana in ce na fasa. Na ɗaure 'yan kayana na kwance ya fi sau uku. In na ji an kira yaron a tsakar gida sai ƙirjina ya buɗe, in na ji ƙugin mota daga bakin hanya sai ƙafata ta ɗauki rawa.

A makon ne Yaya Sale ya ce mu yi binne a gonar gindin ɗorawa, mu zuba iri a busasshiyar ƙasa ya jira ruwa. Yana gaba yana sara da sungumi, ina binsa ina jefa iri ina rufewa da ƙafa. Rana ta ɗaga, mun yi nisa, sai ya tsaya ya jingina da ƙotar sungumin bai juyo ba.

"Nomau, alfarma nake nema wajenka."

Tunda nake ban taɓa jin ya nemi wani abu wajen kowa ba.

"Ka roƙi Inna ta sauya wa yaron nan suna. Ko Abba, ko Babangida, ko me ta ga dama. In ta kama wani sunan gida zai bi ta. Kai take ji. Ni ba gonar nake yi wa ba, ɗanka ɗana ne. Amma Tagona ta tambaye ni jiya, wai Baba, in shi ne mai gandu, mu su wane ne? Na rasa abin da zan ce mata."

A nan ne ya kamata in ce, Yaya, ba da kai ake ba, ni ake son a tsayar, na yi shirin gudu ne aka gano. Magana ce da ba ta fi numfashi biyu ba. Amma faɗinta na nufin in tona wa kaina asiri a gaban mutumin da bai taɓa tunanin barin gona ba ko na yini ɗaya. Kunya ta kama ni, kunyar ta juye ta zama tsiwa. Ga abin da na ce masa, ban rage ko harafi ba:

"Ni na sa masa? Je ka tambayi Baba mana. Ko laifina ne da Allah bai ba ka namiji ba?"

Bai juyo ba. Na ga bayan wuyansa kawai, gumi na gangarowa. Ya ɗaga sungumi ya ci gaba da sara, na ci gaba da jefa iri, har muka kai ƙarshen kunya muka juyo.

Ku lura da abin da ya yi bayan nan, don shi ne masu cewa ya gudu ba sa faɗa. Sai da ya gama binne a gonaki ukun kaf. Ya hau ya sake wa rumbu jinka. Ya wasa duk fartanyun gida ya sake musu ƙota. Ɗan hatsin gayaunarsa ya raba biyu, rabi ya juye wa Inna, rabi ya ɗora wa jaki ya kai Rakiya da yara gidan iyayenta. Sannan ya je ya durƙusa gaban Baba ya ce zai je nema. Inna ta ce min Baba ya kau da kai ya ce Allah ya kiyaye hanya. Ya ɗauka fushi ne na kwana biyu, don wa ke tafiya ci-rani damina na faɗuwa?

Ni duk ban san da wannan ba, don a kwanakin guje masa nake yi. Ranar kasuwa na fita ba kaya a hannuna, ban kuma san ko fasawa zan je in gaya wa Ɗanjuma ba ko hawa zan yi haka nan. Da na isa wajen motoci na tarar an gama lodi. Ɗanjuma na ganina ya sunkuyar da kai. Na ɗaga ido, ga Yaya Sale a can sama kan buhuna, da rigarsa ta Juma'a, da ƙunshin tabarma a cinya.

"Yaya, ina za ka?"

"Inda za ka. Ɗanjuma ya ce akwai wurin mutum ɗaya."

"Sauko mu yi magana."

"Koma gida, Nomau. Dole ɗayanmu ya zauna, an kuma riga an zaɓa. In ruwa ya sauka ka fara da ta jigawa, ciyawa ta fi saurin cin ta."

Yaron mota ya buga ƙarfe, direba ya ja. Da na kama jikin motar na hau, ko na bi ta da gudu ina faɗar gaskiya, da wataƙila ya sauko. Na tsaya ne kawai ina kallo har ta sha kwana.

Kwana tara bayan nan ruwa ya sauka, ruwa na gaske, irin wanda muka shekara biyu muna roƙo. Binnen ya tsiro layi-layi gwanin kyau. Sai dai ciyawa ma ta tsiro, mai noman kuma ba ya nan. Ni da ba na iya gama kunya goma ban nemi inuwa ba, na wayi gari gonaki uku na kallona. Na fara da ta jigawa yadda ya ce, kafin in gama ta gindin ɗorawa ta rufe. Hannuna ya fashe, ciki ba abinci, in na sunkuya sai in ga duhu-duhu. Ba halin gayya, don ba abin da za a dafa wa mutane. Dije ta goya jariri ta fito tana tuge ciyawa da hannu, abin da matan gidanmu ba su taɓa yi ba. Baba ma ya ɗauki fartanya, tsohon da ya shekara biyar bai yi noma ba. Inna ta tsaya a bakin zaure tana masa magiya.

"Malam, ka ajiye. Ka kori mai yi, yanzu kuma kanka za ka kashe?"

"Ni ban kori kowa ba."

"To bakinka ya kora."

Sati biyu ya yi yana fita. Ranar nan da hantsi na waiwaya na gan shi kwance a tsakanin kunyoyi. Na ɗauko shi a baya, ba nauyi kamar damin kara. Daga nan bai sake taka gona ba. Gonar jigawa dole na sallama ta, ciyawa ta cinye.

A tsakiyar damina, lokacin da rumbu ya ƙare ƙarƙaf, sabon gero kuma bai nuna ba, sai ga aike daga Zakirai wai in je in karɓi kaya. Buhun garin rogo ne, wani direba ya kawo daga Badun, aiken Yaya Sale. Bayan wata guda wani buhun ya sake zuwa. Da garin nan muka kai kaka, da mu da Rakiya da yaranta. Ba don shi ba, Allah kaɗai ya san wanda zai rage a gidan nan. Da na shigo da na farkon Baba ya shafa buhun ya dube ni.

"Ba saƙon baki?"

"Babu, Baba."

Daga nan duk ranar kasuwa sai ya ce a fitar da shi gindin tsamiyar bakin hanya, wai iska yake sha. Yana zaune har masu dawowa su gama wucewa. Bai taɓa cewa ga wanda yake jira ba, mu ma ba mu tambaya ba. Jaririn kuwa in an kawo masa yakan karɓa, amma na lura ya daina kiran sunan da ya sa masa. Sai dai sunan ya riga ya kama, har yaran maƙwabta da shi suke kiransa.

Bayan an gama girbi, ɗan abin da aka samu an kai rumbu, ciwo ya kwantar da Baba. Ranar da zai cika, da azahar, ina zaune wajen kansa, Inna na wajen ƙafa, sai ya buɗe ido yana dube-dube.

"Salihu," ya ce.

Ni da Inna muka kalli juna.

"Salihu. Ku kira min Salihu."

Inna ta toshe baki da gefen zani. Kafin la'asar ya rasu.

Ta hannun fataken goro muka aika wa Yaya Sale. Sai bayan arba'in ya iso. Ya rame, gashin tsakiyar kansa ya zube saboda ɗaukar kaya. Ya yi wa Inna gaisuwa, ya je maƙabarta shi kaɗai. Bayan kwana uku liman da mai unguwa suka zo da igiya aka auna gonaki, aka fitar wa Inna nata, 'yan'uwanmu mata nasu, ni da shi daidai wa daida. Gandun Malam Idi ya zama tsumma-tsumma a yini ɗaya. Da mutane suka watse muka rage mu biyu a gindin ɗorawa, ga sababbin turakun iyaka a tsakaninmu. Na ce yau ko me za a yi sai na faɗa.

"Yaya, ka yafe min abin da na ce maka. Kuma akwai abin da na ɓoye. Sunan nan ba don kai Baba ya sa ba. Ni ne na yi shirin tafiya, ya ji, ya sa sunan don ya tsayar da ni. Shi da kansa ya gaya min."

Ya daɗe yana murza wani ɓawon ɗorawa a hannu.

"Na sani," ya ce.

"Ka sani?"

"Tun a lokacin. Gida ɗaya muke, ka ɗauka ban ga kana ɗaure kaya kana kwancewa ba? Maganarka ta gona ta yi min zafi, amma bakin yaro ne, na yafe tun a mota. Abin da na kasa haɗiyewa daban ne. Da Baba ya ji za ka tafi, ya rasa abin da zai yi, har ya ɗauki gandu kaf ya aza wa jaririn kwana bakwai don ka zauna. Ni kuwa ko sau ɗaya bai zo masa a rai ba cewa ana iya rasa ni. Na durƙusa na ce zan tafi, Nomau. Da ya ce zauna, kalma ɗaya, wallahi da ko ƙasa za mu ci ba inda za ni."

Can na tuna.

"Ya kira sunanka. Ranar da zai rasu."

Ya ɗago kai da sauri.

"Wane suna?"

"Salihu. Har sau uku. Inna na wurin."

"Da bakinsa?"

"Da bakinsa."

Ya juya min baya. Ya tsuguna a wurin, ya dafa ƙasa da hannu biyu, kafaɗunsa na girgiza, ba sauti. Na tsaya ban san ko in matsa ko in bar wajen ba, har inuwar ɗorawar ta gota mu.

Na yi zaton zai zauna. Na roƙe shi, Inna ta roƙe shi, na ce mu tuge turakun mu haɗa gonakin ya zama shi ne babba, na ce a sauya wa yaron suna ko yau. Ya ce in bar yaro da sunansa, ba shi ya zaɓa ba. Ya ce ba zai iya shiga zauren nan kullum ya ga buzun Baba ba kowa a kai ba. Ya bar min rabonsa amana in riƙa nomawa har 'ya'yansa su girma, ya kwashi Rakiya da yara suka tafi. A can ya ƙare rayuwarsa, a can aka binne shi, mutumin da ya fi kowa sanin ƙasar nan. Da Tagona ta zo da mijinta bayan shekaru na miƙa mata gonarsu har da bishiyoyin ciki. Ni kuma da nake mafarkin Kurmi, ban taɓa wuce Kano ba sai da kuka kai ni Makka. Ga ni nan, ƙafar ba ta daina ƙaiƙayi ba, gwiwar ce ta ƙi.

Saura magana ɗaya, taka ce kai kaɗai, Maigandu. Kai ma ɗan fari ne. Ka ɗauki sunan da ba ka roƙa ba, ka noma 'yar gonar da ta rage ka ciyar da ƙannenka har suka yi karatu suka tafi birni, kai ka zauna. Ni kuma na yi maka yadda na ga an yi, na kau da kai, ban taɓa ce maka sannu ba. Bakina ba zai iya ba har yanzu, shi ya sa na rubuta. Duk cikin 'ya'yana kai na fi tsoron in rasa. Gobe in ka zo gaishe ni kada ka tsaya a bakin ƙofa. Shigo ka zauna kusa da ni, a kawo mana kwano ɗaya.